Hannuna Ya San Sukari

Shekara ashirin da shida ina tsoma alkaki
a wani lungu na Gangare.
Daga nan har Dilimi, amaryar da ta tare
da dubulan ɗina ta shiga ɗaki.
Ɗanɗanawa kuwa dole ce:
lomar gwaji, lomar gyara,
lomar wanda ya karye a kasko, kada a yi asara.
Haka na tara kaina, loma bisa loma,
har zanena ya daina haɗuwa a gaba.

Ran Talata na hau sikelin asibiti.
Allurar ta zura da gudu kamar an koro ta,
ta tsaya a ɗari da huɗu tana karkarwa.
Sista Nanret ba ta yi faɗa ba.
Gwiwoyina ta duba, ta ce, "Mama Tabawa,
'yan dakon nan biyu sun gaji."

Na dawo na ɗaure bakin buhun sukari, ƙulli uku.
Amma kwaɗayi ba ya makara.
Ƙarfe huɗu, sanyi na saukowa daga duwatsu,
sai ya yi sallama, ya zauna a bakin harshena
kamar mai bin bashi.

Na hau keke zuwa Farin Gada.
Kachollom, da nake sayen karas gurinta tun tana goyon fari,
ta buɗe kwali, sitiroberin Vom,
ja wur kamar an kwana ana sa musu lalle.
"Yanka biyar cikin kindirmo, kada ki ƙara komai.
Kwana uku za ki tsine mini,
na huɗu ki dawo."

Kwana shida na yi ina tsine mata.

Sannan na fara koyon cin ƙwalam irin na masu haƙuri.
Gyaɗa, amma a marfin kwalba, ba a tafin hannu ba,
don tafina ba shi da amana.
Aya jiƙaƙƙiya, a tauna har muƙamuƙi ya roƙi hutu.
Kokwamba da garin ƙuli da ɗan yaji.
Rabin fiya, gishiri, matsin lemon tsami.
Zoɓo na citta da kanumfari da ɓawon abarba,
tsaminsa tsirara, babu mayafi.
Goruba ita ce malamata:
rabin awa kana gwagwiya, abin da ya shiga ciki bai cika cokali ba,
amma baki ya yarda an yi hira.
Dabino, in ya zama tilas, ɗaya.
Ɗaya, Tabawa. A tsaga shi, a cusa kwakwa,
a ci shi a zaune kamar ana karɓar baƙo.

Ba zan ɓoye ba.
A bikin 'yar Uwani na ci alkaki uku a bayan ƙofa,
nawa ne, na san inda zaƙin ya kwanta.
Na goge baki, na fito ina tafi da 'yan guɗa.
Washegari na koma wa gorubata, ba ta tambaye ni komai ba.

Wata na huɗu wani abu ya faru da harshena.
Na gatsa karas, ɗanye, a tsaye a bakin famfo,
sai na ji zaƙi,
siriri, mai kunya, yana leƙowa daga can ƙasa.
Ashe yana nan tun tuni,
hayaniyar sukari ce ta hana ni jin sallamarsa.

Har yanzu ina suya, sana'a ba ta da laifi.
Ladidi jikata ce ke ɗanɗanawa,
ni hannuna ya san awo ko da ido a rufe.
Sikeli ya ce casa'in da bakwai. Da saura tafiya.

Sai dai akwai wani dutse a rabin hawan gidanmu,
inda nake zama in yi kamar ina gyara ɗankwali
har numfashi ya dawo.
Jiya na wuce shi da kwandon kabeji a ka.
Sai da na kai ƙofa na tuna
ban ko gaishe shi ba.