Sakin Talala

Litinin ce. Na bi ta gefen tabkin Babaye,
takardata naɗe cikin leda,
zuwa ɗakin bayan gidan shari'a
inda fanka ke tari kamar tsohon maƙeri.

Alƙali bai ce na yi ba,
bai ce ban yi ba.
Wata bakwai ina tsakani.

Ranar farko Madam Habsu ta dangwala yatsana a tawada,
ta ce, "Nomau, yatsan nan ya gaji da yi maka magana."
Ta tura ni ajin dare a Wadata.

Ita ta kai ni wurin Ɗanjumma mai walda.
Ita ke bugo waya: gobe ƙarfe takwas, kar ka makara.
Ran Alhamis mu shida kan benci,
kowa ya faɗi kwana nawa rabonsa da tiramol.
Nawa hamsin da uku.
Na taɓa kai ashirin na koma sifili.

Har yanzu Inna ba ta barin jakarta kusa da ni.

Yau na janye yatsana,
na ce a ba ni alƙalami.
Harafin farko ya karkace.
Ta duba, ta buga hatimi,
ta ce sai Litinin.