Kilo Goma a Kafaɗa

Shekara goma sha tara ina zaga El Alto
da tukwanen gas a bayan mota,
ina buga ƙarfe, mata suna leƙowa,
sanyin dutsen Illimani yana yankan kunne.
Kafaɗata ta san nauyin kowace tukunya,
abin da ke ciki kuwa, warinsa na sani da kuɗinsa.

Daren Talata Nayra ta baza littafi
a teburin da muke feraye dankali.
Ta ce, "Baba, matso da fitila,
Malam Tarqui ya ce gobe kowa sai ya fita allo."

Ta rubuta sunan hajata:
kabon uku, haidirojin takwas, furofen ke nan.
Ta ajiye masa oksijin a gefe, ta ja kibiya,
bayan kibiyar, iska marar launi, da ruwa.
Na ce, "Ruwa? Daga wuta?"
Ta nuna taga da gindin biro.
Gilashin yana ta gumi, miya na tafasa.

"Doka ɗaya ce," in ji ta,
"a kasuwar nan ba ƙwange, ba gyara.
Abin da ya shiga ta hagu, ta dama zai fita.
Kabon uku, sai in sa uku gaban iskar nan.
Haidirojin takwas, bibbiyu suke shiga ruwa,
huɗu ke nan.
Oksijin a ƙarshe ake sallamarsa:
shida can, huɗu nan, goma cif,
kuma tagwaye suke zuwa, saboda haka biyar."
Ashe da farko goman ta rubuta.
Ta goge, ta goge, har takardar ta huje.

Ɗaya da biyar, uku da huɗu.
Na haddace kamar lambar mota.

"Mol fa, mene ne?"
"Dozin ne, Baba, na ƙwayoyin da ido ba ya gani,
shida mai jan lambobi ashirin da uku a bayanta.
Mol ɗaya na gas ɗinka, giram arba'in da huɗu.
Biyar na oksijin, ɗari da sittin."

Nan fa na karɓe biron. Awo sana'ata ce.
Ɗari biyu da huɗu a hagu.
Ta ba ni na dama: ɗari da talatin da biyu,
da saba'in da biyu na ruwa.
Na tara, na sake tarawa. Ko giram bai ɓata ba.
Sai na auna tukunyata mai kilo goma,
ta ce oksijin take bi, kilo talatin da shida
har da ɗoriya.

Na yi shiru.
Ni da nake taƙamar kai wuta gida-gida,
ashe ɗan ƙunshi nake ɗauka.
Babban kayan iska ce ke dakonsa,
ba ta taɓa buga ƙarfe ba,
ba ta taɓa cewa a ba ta ko sisi ba.

Ga shi a tudun nan namu ita ma ramammiya ce,
baƙo kan hau matakala uku ya tsaya haki.
Nayra ta ce in biyar ɗin ba ta cika ba,
wuta ba ta yafe bashi:
ta yi rawaya, ta shafa wa tukunya baƙi,
ta saki wata iskar da ba ta da wari.

Na tuna Zenón, mai gyaran takalma a layinmu,
da ya toshe ƙofa da tsumma a watan Yuli,
ya kunna murhu, ya kwanta.
Ni na kai masa tukunyar. Har ragi na yi masa.

Na tashi na buɗe taga, yatsa biyu.
Eusebia ta yi magana daga ƙarƙashin barguna,
"Wa ke shigo mana da sanyi a daren nan?"
Nayra ba ta ɗago kai daga littafi ba.
"Biyar ɗin ce, Mama. Bari ta shigo."