Buhu Ashirin da Huɗu

A Valparaíso gidanmu rataye yake a wuyan dutse,
matakala ɗari da goma sha biyu daga titi.
Duk ƙasar da ka gani a nan sama,
kafaɗar wani ce ta hawo da ita.

Kakana Eleuterio ya haɗa akwati a bayan kicin
da tsohuwar ƙofa, da gefen gado biyu,
da wani katako da teku ta tofar.
Ya buga ƙusa, ya ja da baya, ya dube ni:
"Fresia, ke ce mai karatu.
Wannan cikin, nawa zai ci ya ƙoshi?"

Na ɗauko tef ɗin ɗinkin marigayiya Ondina,
wanda babban yatsanta ya cinye lambobin farkonsa.
Tsawo mita uku. Faɗi mita guda.
Zurfi kuwa, ya zura hannu har gwiwa ya ce
saiwar tumatir ba ta son ɗaki mai ƙunci.
Santimita arba'in, na rubuta.
A bayan takardar kuɗin wuta na buga:
lita dubu da ɗari biyu.
Buhun Don Aníbal hamsin-hamsin yake ɗauka.
Ashirin da huɗu, na ce, na ja layi biyu a ƙasa.

Ya ce talatin.
Na ce lissafi ba ya ƙarya.
Ya ce, "Ba ni da faɗa da lissafi, halin ƙasa na sani.
A buhu kumbura take kamar baƙo mai labarin dukiyarsa,
rabinta iska ce.
Bari ta sha ruwa, ta kwana biyu,
sai ki ga tsayinta na gaskiya."

Buhu shida kuɗin gas ne na wata guda.
Aljihu ya goyi bayana.

Ran Asabar mota ta juye su a bakin titi ta tafi.
Ban lissafa sawu nawa muka yi ba,
gwiwoyinmu suka riƙe wannan hisabin.
Jiragen ruwa na ta kuka can ƙasa,
karen maƙwabta ya raka mu sau uku ya haƙura.
Da yamma akwati ya cika maƙil,
na shafe samansa da tafin hannu
kamar mai gyara shimfiɗar baƙo.

Daren Talata aka kwana ana ruwa.

Da safe na tarar da shi a tsugune.
Ya jera yatsu huɗu a jikin katako,
tsakanin baki da inda ƙasa ta koma ta kwanta.
Bai ce uffan ba. Fito kawai ya riƙa yi.
Da ya yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Kuɗi dai babu.
Señora Ilsa ta gidan sama ta fara zuro mana guga da igiya,
tukar kofi da ɓawon ƙwai.
Mai gashin burodi ya ba da toka, muka barbaɗa kaɗan.
Na share busasshen ganyen ɓaure daga lungu uku,
har wata mata ta ɗauka ma'aikaciyar shara ce ni,
ta nuna mini ƙofar gidanta.
Mako biyar muna ciyar da yatsu huɗun nan.

Takardar tana nan manne a jikin firji.
Ban goge ashirin da huɗu ba, daidai ne.
A gefe dai na ƙara da fensir:
da rubu'i, rabon iska.

A Janairu tumatir na farko ya nuna,
ƙarami, da tsaga a gefe.
Ya share wuƙa a wando, ya raba shi da ido.
Wani ɓarin ya fi wani.
Na gani sarai, tef kuma yana aljihuna,
na miƙa hannu na nemi gishiri.