Minti Uku a Hasumiyar Garwa

Ubana mai fito ne a Binuwai.
Ranar da ya fara miƙo mini filafili
bai yi zancen kada ba, bai yi na dorina ba.
Ya ce, Lantana, in babban jirgin gyaɗa ya wuce,
ɗaga hannunki, ki jira.
Kwale-kwale ba ya shiga ruwan da wani ya dama.

Yau ina zaune a hasumiyar filin jirgin Garwa,
gilashi gaba, gilashi baya,
kogin na can kudu, siriri kamar zaren da aka yar.
La'asar ta yi sanyi. Jirgin alhazai ya tashi
maƙil da mutane da jakunkuna da addu'a,
ya ɗaga hanci da ƙyar, kamar sa mai tashi daga kwance,
ya bar titi fes.

Fes ga ido.

Guguwar da muka sani tsaye take tafiya,
ta kwashi kara da leda, yara su nuna ta da yatsa.
Wannan a kwance take.
Biyu ce ma, kowane bakin fiffike ya haifi tasa,
ɗaya na murɗawa dama, ɗaya hagu,
kamar igiyar rama a cinyar mai tufka.
Ba ta da launi, ba ta da inuwa,
sai ta riƙa sauka a hankali
tana jiran ƙaramin da zai biyo sawun babba.

Na dubi jakar iska a kan sandarta,
ta langaɓe kamar hannun riga a ƙusa.
Ranar da iska ta kwanta ne nake tsoro,
don babu mai share abin da aka bari.

Hamajoda na bakin titi da mutum hamsin a bayansa.
Muryarsa ta shigo kunnena:
Hasumiya, ai ba kowa a gabana.
Na ce dakata, minti uku.
Ya ce mai na ƙonewa, mutane na gumi.
Na ce minti uku.
Na ji ajiyar zuciyarsa har nan sama.

Ba laifinsa ba ne, saurayi ne.
Bai ga Gambo ba a shekarar da na fara aiki,
da ya sauko a bayan jirgin kaya, ƙasa da hanyarsa kaɗan,
wani hannu ya kama fiffikensa na hagu ya danna,
na ga cikin jirgin inda ya kamata in ga gefensa.
Allah ya sa da sauran shan ruwa.
Da ya hawo hasumiya na zuba masa shayi,
kofin ya yi ta kiɗa a kan haƙoransa.
Bai ce uffan ba, ni ma ban ce ba.

Sawun giwa, an ce, ya take na raƙumi.
Sawun wannan giwa kan kifar da raƙumin.

Allurar agogo na rarrafe.
Wani belbela ya ratsa titi, bai nemi izinina ba.
Biyu da rabi. Uku.

Tashi, Hamajoda.
Ɗaga tun kafin inda ya ɗaga,
ka hau sama da hanyarsa, kada ka sha ƙarƙashinta.
Ya sheƙa, ya ɗaga, fukafukai biyu daidai wa daida,
ya karkata kudu, ya ƙanƙance, ya ɓace.
Na san a ciki wani na duba agogo yana tsaki.

Kafin ya rasu, ubana ya taɓa tambayata
me nake gadi a can sama tun safe.
Na ce, Baba, fito nake yi.
Ya ce ina ruwan?

Na rubuta lokaci a littafi.
Shayina ya huce.