Wurin Girma

Ƙarfe biyun dare a Naraguta,
ni da murhun lantarki muna gadin juna.
Tukunyar ƙarfe rufe ruf, noti shida na ɗaure da hannuna.
Ciki gishirin kuza, sukari cokali guda, tataccen ruwa.
Zafi ɗari da tamanin, awa goma sha biyu,
ba leƙe, ba motsawa.

Kakana Jatau kuza ya haƙa a Bukuru,
kwano a ka, laka har gwiwa.
Ya bar wa ƙasa ramuka, ruwa ya cika su kore shar,
ya bar wa kansa tari da ya raka shi kushewa.
Shi da kwano ya auna.
Ni abin da nake aunawa, atishawa ta isa ta kwashe shi,
sai na riƙe numfashi
kafin sikeli ya faɗa mini gaskiya.

Kuza akwai haɗama.
Litiyam ya yi sallama, ta buɗe masa ƙofa wangale,
ta ci, ta ƙara, ta kumbura ninki uku,
ta tsage kamar tulun da bai ji wuta ba.
Caji hamsin, batir ya ce ga garinku.
Gawa goma sha ɗaya na binne a littafin aiki,
kowace da kwanan watanta.

Ba a littafi na tsinci dabarar ba.
A Dilimi ne, gindin keken ɗinkin Inna,
almakashi a hannunta, tana yi wa yarinyarta faɗa:
"Wa ya ce miki ana yanka rigar yaro cif-cif?
Bar masa wurin girma!"
Na ajiye kofin shayi ban shanye ba.

Shi ne nake gina mata ɗaki mai rami a ciki,
in ƙona sukari ya zame mata baƙar riga,
in ta kumbura, ta kumbura a ɗakinta.

Uku da kwata, wuta ta ɗauke.
Dalyop ya fita da tocila a baki, takalmi ƙafa ɗaya,
ya ja igiyar janareto, ta tsinke a ja na uku.
Sanyin Jos na neman hanya ta ƙarƙashin ƙofa,
ina ƙirga zafin da ke zuba kamar kuɗi a huɗajjen aljihu.
Ya ɗaura igiyar shanya. Ya ja. Ya zagi injin da Birom.
Injin ya ji.

Da safe gari na samu, bai cika murfin kwalba ba.
Na gasa shi ya koma kwalli,
na kwaɓa, na shafa a fallen jan ƙarfe,
na yanka shi faɗin kwabo.
Ragowar na ba direban Abuja a ambulan,
ya ce, "Magani ne?" Na ce, "Kusan."

Mako uku kafin hoton ya shigo wayata:
ƙwallaye jingim kamar ƙwan kwaɗi,
ɗari biyar a jere ba su kai kaurin gashi ba.
Wasu sun fashe kamar sakaina.
Wasu kuwa, ga ramin nan, Inna, ga ramin.

Yau caji ɗari biyu da sha biyu, bai tsage ba.
Bai iya kunna waya ba tukuna,
sai wani jan ƙwai, ƙwayar gero ta fi shi.
Na kai mata Dilimi a tafin hannu.
Ta ɗaga tabarau, ta daɗe tana kallo.
"Kuzar Baba ce wannan?"
Na ce ita ce.
Ta ce, "To kashe, kar ya ƙare."