Bikilin da Ba Shi da Suna

Na bar Ulanbato ranar Litinin,
na bar lissafin kuɗin mutane a kan tebur,
na zube albashin wata guda
don a koya mini abin da kakana ya iya
tun bai san share hancinsa ba.

Tsoho Dorjpalam ya dube ni, ya dubi takalmana.
Ya miƙo ragamar wani gajeren bikili
mai geza kamar tsintsiyar da ta sha aiki.
Na ce, yaya sunansa?
Ya ce, doki ba ɗa ba ne, 'yar birni,
launinsa ya ishe shi.

Ranar farko sirdin katako ya karanta mini laifina.
Ƙusoshin azurfa daidai inda cinya ke kwanciya,
wai ado ne.
Baƙi biyu daga Holan, miji da mata, suna gaba,
zaune daram kamar a nan aka yanke musu cibiya.
Ni mai harshen ƙasar ina can baya,
ina fassara musu sunayen ciyayin
da ban taɓa gani ba.

Ashe Gobi ba yashi ba ce.
Tsakuwa ce, baƙa da ja,
shimfiɗe har inda ido zai sare.
Albasar daji na tashi a hanci duk inda kofato ya taka.
Da tsakar rana tafki yakan kwanta a gabanmu,
mu matsa, ya matsa,
bikili ko kunne bai ɗaga masa ba.

Kwana na uku muka sauka a tantin Nyamsuren.
Shayi mai gishiri, cuku mai fasa haƙori,
nonon goɗiya da tsaminsa ya hau mini ka.
Ta ce, ke 'yar wane ruwa ce?
Na faɗi sunan kwarin kakana.
Ta daɗe tana juya ludayi.
Ta ce, manyan motocin gawayi ke bi ta can yanzu,
rijiyar an rufe ta da falange.
Ƙara shayi.

Kwana na huɗu iska ta taso daga yamma,
dawakai suka ɗauki sassarfa ba da izinin kowa ba.
Ƙashin bayana ya fara kirga duwatsu.
Dorjpalam ya matso, ya daka mini tsawa:
Wa ya ce ki zauna? Miƙe kan likkafa!
Na miƙe.
Sai zafin ya zube ƙasa kamar buhun da ya kwance,
gwiwoyina suka tuna wani abu
da ba ni na koya musu ba.
Na ji wata mata tana ihu cikin iska,
sai daga baya na gane muryar.

Mun iske rairayin a kwana na biyar,
tudu kan tudu, yana gurnani daga ciki
kamar raƙumin da ake ɗora wa kaya.
Baƙi suka hau ɗaukar hoto.
Ni na tsaya wurin dabaibayi,
ina cire ƙaya daga wutsiyar bikili.
Da dare ya raba, taurari sun sauko har kafaɗa,
na raɗa masa suna a kunne.
Ba zan faɗa muku ba.

Kwana na shida aka kwance majayi.
Ya yi birgima sau biyu, ya karkaɗe ni daga bayansa,
ya bi garke.
Na kira shi a hankali.
Bai waiwayo ba.
Dorjpalam yana naɗe igiya, yana kallon wani wuri,
ya ce, shi ya sa.

Yau ina hawa na tara, gaban lissafi.
Rigar tana rataye bayan ƙofa, ban wanke ta ba.
In motar haya ta faɗa rami da safe,
kowa ya ƙanƙame kujera,
ni kaɗai nake miƙewa.