Harshen Gilashi

A tsibirin São Jorge, inda shanu ke kiwo a bakin teku,
Dona Graciete ta miƙo min tsinken gilashi
kamar mai miƙa ƙwai cikin duhu.

"Telmo, ga harshen gidan nan.
Shi ke ɗanɗana madara kafin mu.
Kansa bai fi ɓawon albasa kauri ba,
kuma ba ya yafe ƙishirwa."

Kullum da asuba nakan gaishe shi da kwalba biyu,
koriya ta bakwai, ja ta huɗu,
in ɗauraye a tsakani.
Ba a goge shi. Ɗigon ake ɗauke masa
da gefen takarda, kamar hawayen jinjiri.

Ran Laraba jirgin ruwa ya busa ƙaho,
ƙanwata na ciki, na fita a guje,
na bar shi tsirara kan tebur,
maiƙo na bushewa a bakinsa.

Washegari sai in'ina:
biyar da ɗigo tara, shida, biyar da ɗigo huɗu.
Ga cuku a tukunya,
tsami kuwa ba ya jiran kowa.

Dona ba ta yi faɗa ba.
Ta gutsura, ta murza, ta kai baki,
ta ce a zuba gishiri yanzu.
Ta wanke tsinken da ruwan ɗumi,
ta tsoma shi a ruwan ajiyarsa.
"Ban da tataccen ruwa, wannan tsotse shi yake.
Bar shi ya kwana yana sha."

Da safe ya tsaya cak a bakwai.

Har yau ba na kashe fitila
sai na leƙa murfinsa, ko da laima.